Gaisuwar da na yi a ƙofar gidan suna

Tudun Wada, Kaduna

Zuwa ga ƙawata Hadassah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Kafanchan? Tun da kika bar mu a asibitin ƙwaƙwalwa na rasa wadda zan kai wa kukana.

Na yi ɓarna, Hadassah, kuma da bakin nan nawa da kike cewa ba ya gajiya da gaisuwa. Ranar Asabar na je suna a Makera. A ƙofar gidan sai ga wani majinyacinmu, ba zan faɗi sunansa ba, yana sauke kujeru daga motar makarantar da yake tuƙawa. Ya daɗe a kan magani, lafiyarsa ƙalau, bai taɓa saɓa ranar ganin likita ba. Daɗin ganinsa ya sa na yi masa ya jiki, har na ƙara da tambayar ko yana samun barci yanzu. Ashe Hajiyar da ke tsaye kusa da shi ita ce mai makarantar, kuma kaf unguwar an san inda nake aiki.

Jiya ta biyo ni har gida da tambayoyi. Na ce mata ba na maganar aiki a waje, shirun nawa kuma ya ishe ta amsa. Na so in gaya mata ya fi direbobi da yawa natsuwa, amma wannan ma sirrinsa ne. Kunya da nadama sun hana ni sakat.

Ki gaida kowa.

Taki,
Safiya

Zuwa ga Hadassah,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gode da lallashin da kika yi mini, sai dai hankalina bai kwanta ba. Hajiya ta sallami direban daga aiki, wai iyayen yara ba za su yarda ba.

Na kai kaina gaban likita, na sha faɗan da ya dace da ni. Ranar zuwan direban asibiti ta yi, bai zo ba. Mahaifiyarsa ce ta zo ita kaɗai, ta ce ya zubar da maganin don ya nuna wa Hajiya babu abin da ke damunsa, kuma ya fara kwana yana zagaya tsakar gida.

Na ɗauki mayafina na ce mu je in ba shi haƙuri. Tsohuwar ta riƙe hannuna, ta roƙe ni don Allah kada maƙwabta su gan ni a ƙofar gidansu.

Ki sa shi a addu'a, ko da ba ki san sunansa ba.

Taki,
Safiya