Mantuwar Isuhu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, a makwancinki na gabas da Magarya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta fara yi mini gardama. Na san ko da ranki ba ki karanta wasiƙa, sai dai a karanta miki kina gyara wa mai karatun magana. To yau ma a karanta miki, ki gyara inda na yi son kai.

Takwararki ce ta sa na ɗauki alƙalami, autata, wadda ke koyarwa yanzu. Ta dawo daga wani horo a Damagaram da takardu cike da jaka, tana gaya mini wai an kawo musu sabon abu: malami ya riƙa bincike a cikin ajinsa, ya lura da matsala, ya gwada magani, ya sake lura. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ita ta zaci tsufa ne, ba ta san Isuhu na tuna ba.

Kin tuna shekarar da aka tura ni ƙauyen nan da ke tsakanin Dungas da Waca, 'yan shekaru kafin Nasara su tattara nasu-ya-nasu? Shekarata goma sha tara, ina malamin gwaji wanda ba a tabbatar ba tukuna. Kika ɗora tukwanenki a kan jaki kika biyo ni, kin ce wanda bai iya hura wuta ba ba a sakinsa cikin duniya shi kaɗai. Lakwal ɗin, wato makarantar bokon, rumfar zana ce, yara sittin da 'yan kai, kowanne an aske shi ƙwal, kowanne da rigar kaki guda da gwamnati ta ba shi, da lamba a ƙirji. Ni kuwa da lambar na san su, don idan ina kiran suna idona na kan takarda, idan ina koyarwa bayana na juya musu.

Kafin mu tafi, anspekta, Nasaran da ke duba makarantu, ya tara mu sababbin malamai a Damagaram. Ya ce kada mu kira yaro daƙiƙi sai mun bincika. Mu lura, mu rubuta, mu canza abu ɗaya tak, sannan mu sake lura. Ya ba kowa kaye, wato ɗan littafin rubutu, mai baƙin bango don rubuta abin da ya gani, ya ce kafin ruwan farko zai zo ya duba aji da kaye, wanda ajinsa bai yi ba ya koma gonar ubansa. Ke kin san ni ko gonar uban ba ni da ita.

Na dawo ina jin kaina kamar likita. Ko rijiya zan je, kayen na hammata.

Matsala kuwa ba ta ba ni wahalar nema ba. Yara bakwai ne ke da wata irin mantuwa da ban taɓa gani ba, shugabansu Isuhu, mai lamba goma sha bakwai. Ranar Litinin Isuhu ya karanta baƙaƙe tas. Talata ya kalli allo kamar yau ya fara ganinsa. Laraba karatu babu, amma lissafi sai ya riga ni. Alhamis ba a zuwa lakwal. Jumma'a kuwa barci kawai yake yi, da baki buɗe.

A mako na biyu, kina suyar ƙosanki a bakin rumfa, kika ce mini, "Mushe, yaran nan naka fa..." Da yake ɗan fari ne ni ba kya faɗin sunana, sai kika ari sunan da yara ke kirana, wato Malam da Faransanci, kina yi mini tsiya da shi. Na ɗaga miki hannu na ce, "Inna, wannan harka ce ta ilimi." Kika ce, "To." Wannan "to" ɗin naki ya ci mini wata uku.

Zatona na farko yunwa. Na rubuta a kaye, na roƙe ki ki riƙa dama wa mutum bakwai ɗin kunu kowace safiya. Kika dama. Nakan ji ki kina ba Isuhu ludayi kina tambayarsa lafiyar Inna Tani, gobe kuma ki tambaye shi lafiyar Inna Ladi, na ce a raina tsohuwa ta fara rikicewa. Bayan mako biyu na duba sakamako. Ba wanda ya yi fashi ko sau ɗaya, amma mantuwar ta ninka. Wata Talata ma Isuhu ya riƙe alli ya kai baki. Na rubuta cewa kunu na ƙara son lakwal, yana kuma toshe ƙwaƙwalwa.

Zato na biyu, nisa da allo. Na dawo da su gaba, dab da ƙafata. A nan ne fa abubuwa suka fara ba ni tsoro. Kayen na nan har yau, ga abin da na rubuta da hannuna: Litinin, rigar Isuhu ta tsaya a cibiya. Talata, ta kai gwiwa, kuma haƙoransa biyu na gaba sun faɗi. Laraba, haƙora sun dawo. Na daɗe ina kallon wannan rubutu, sannan na yanke cewa zazzaɓi ne ke damuna. Kwana uku ina shan kinin, ke kuwa kina miƙo mini ruwa kina cewa Allah ya sawwaƙe, kafaɗunki na rawa don dariyar da kike dannewa.

Zato na uku ban rubuta shi da sunansa ba, don kunyar Nasara. Wani dattijo ya ce mini ai rumfar a gindin tsamiya take, masu wurin ne ke shiga yaran. Na ce masa mu 'yan boko ba mu yarda da wannan ba. Washegari na sa aka ciro ginshiƙai aka matsar da rumfar taku arba'in, na rubuta a kaye wai don iska.

Babu abin da ya canza, ga zafi ya shigo, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Tsoro ya kama ni, Inna, tsoron komawa Magarya da jaki da tukwane mutane na kallo. Sai na gwada maganin da anspekta bai ambata ba. Wata Jumma'a na tambayi Isuhu abin da na koya masa Laraba, ya yi shiru, na zabga masa tsumagiya uku. Bai gudu ba, hawaye kawai ke zuba a kan lambar nan.

Ran nan ba ki sa mini tuwo ba. Kika ce mini, "Ka doki wanda bai ci ba saboda wanda ya ci." Na ce ban gane ba. Kika ce, "Yau kuma harkar ilimin ta zo wajena?"

Da Alhamis ta zagayo kika yafa gyalenki kika sa ni gaba har zangon Malam Buba mai shanu, uban Isuhu. Ga rigar kaki an wanke an shanya a kan dangar kara, lamba goma sha bakwai na kallona. Ga yara huɗu zaune suna shan fura, duk maza, 'ya'yan matansa biyu, Tani da Ladi, duk kamarsu ɗaya, sai dai wani ya fi wani tsawo. Ƙaramin cikinsu, mai giɓi, ya ɗaga mini hannu. Wanda na doka ya juya mini baya.

Malam Buba bai ga abin ɓoyewa ba. Ya ce kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya aiko kowane gida ya ba lakwal kai ɗaya, wato yaro guda, shi kuwa tunda aka buɗe lakwal bai taɓa fashin ba da kan ba. Ya ce wane irin uba ne zai bar ɗa guda ya sha wannan wahala shi kaɗai, 'yan'uwansa na kiwo suna jin daɗi? Yadda ake karɓa-karɓa wajen shayar da shanu a rijiya, haka suka raba lakwal. Da su uku ne ke yi, da labarin kunu ya iso sai ƙaramin ya yi ta kuka har aka ba shi Talata. Isuhu na ainihi, mai sunan, shi ne mai Litinin. Sauran gidaje shidan ma haka suke yi, kuma duk garin an sani, har dattijon tsamiyar nan.

A hanyar dawowa na ce miki zan rubuta wa kumandan. Kika ce in rubuta mana, dogaransa masu jar hula su zo su ɗaure iyayen, in ya so in koya wa rigunan karatu. Na ce to me zan yi? Kika ce, "Ka tambaye su. Baki ne da su."

Wannan ne mataki na farko na gaskiya a duk binciken nan nawa. Na zauna da iyaye, na ji cewa ba za su saki yaran duka ba sai shanu sun mutu, amma ba su ƙi wanda ya je ya kawo wa 'yan'uwansa abin da ya samo ba. Sai kika ɗinka aljihu a cikin kowace riga, ni kuma na riƙa rubuta darasin ranar a takarda in saka, riga ta koma gida da karatunta. Makon farko maraƙi ya cinye takardar Isuhu. Muka sake shawara, kika ce a yi da sakaina da gawayi, don ba dabbar da ke cin ƙwarya. Ranar Alhamis kuma in je rijiya lokacin shayarwa, in tara su duka mu yi rubutu a ƙasa. Na fara duban fuska kafin lamba. Na je na ba mai Jumma'a haƙuri a gaban ubansa, ashe barcin da yake yi don shi ke fita da shanu tun asuba ne. Kowane mako ina gwada su ina rubutawa, mantuwar nan ta riƙa ja da baya.

Sai ga saƙo anspekta zai zo ranar Talata. Na ruga wurin Malam Buba na roƙe shi a yi musanya, a turo mini mai Litinin. Ya ce Talata ta ƙaramin ce, kuma shi ko Sarkin Faransa ne zai zo ba zai ci haƙƙin yaro ba.

Anspekta ya shigo, ya duba takarda, kuma cikin yara sittin ba wanda yatsansa ya faɗa wa sai lamba goma sha bakwai. Mai giɓi ya tashi, riga har gwiwa. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Yaron nan da ya taɓa cin alli ya karanta layi uku, yana yi yana lilo da jiki yadda yayyensa suka koya masa a makiyaya, ya kuma yi lissafi biyu daidai. Na hango ki ta ramukan zana, kin bar ƙosai na ƙonewa.

Sannan ya buɗe kaye, ya kai wajen haƙoran. Ya dube ni ta saman tabarau. Ba ni da mafita, na gaya masa komai. Ya yi dariya har ya zauna a kan bencin yara, ya ce kumandan kai ɗaya ya nema kuma yana samu, don haka shi bai ga abin kai ƙara ba. Ya duba aljihun, ya juya sakainar a hannunsa, ya ɗauko takardar tabbatar da ni. Alƙalaminsa na sama bai sauka ba ya tambaye ni wa ya koya mini wannan dabara, ta zuwa gidajen da tambayar iyaye da aljihun.

Inna, na kalli alƙalamin nan, na rusuna na ce, "Ku ne, Mushe Anspekta."

Ya ji daɗi, ya sa hannu. Da ya hau motarsa ya tafi kika tambaye ni me ya ce da na yi masa irin wannan rusunawa, tunda ke ba ki jin Faransanci. Na ce miki kununki ya yaba. Kika yi murna, kika ce da kin sani da kin dama masa.

Shekara talatin da wani abu na yi ina cin wannan aiki, an yi ta kirana ina ba matasan malamai labarin Isuhu, kuma ko sau ɗaya ban sa sunanki a ciki ba. Har kika bar duniya kina zaton kunu kawai kika dama. Abin yana cina, Inna, kuma ba ranar da na fi jin kewarki kamar ranar da aka tafa mini. To ga shi yau na rubuta inda kowa zai gani: Hajo mai ƙosai ce ta koya mini, ba Nasara ba.

Ki yafe mini. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya saka miki da Aljanna Firdausi, ya haɗa mu a can in faɗa miki da bakina. Amin.

Ɗanki na fari,
Laminu, wanda kike kira Mushe.