Suyar Bana Ba Hannun Kaka Ba Ne

Ikko, 12 ga Afrilu, 1966

Yaya Mainasara,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da mutanen Kuyello? Ni lafiya lau, zazzaɓin ma da sauƙi, ina lallaɓawa aiki.

Naman layya ya iso, an gode. Ka rubuta wai kowa lafiya. Haba Yaya, ni za ku yi wa rufa-rufa? Kaka Saude ba ta taɓa suya babu kanumfari ba, wannan kuwa ko ƙamshinsa babu. Sai da na matsa wa direban da ya kawo, ya ce wata biyu ke nan tana kwance. Matar da ta yanke mana cibiya mu bakwai, ta yi jinyar Baba har ya cika! Allah Ya tashi kafaɗunta.

Ranar Asabar zan hau jirgi. Ka gaya mata, in bakinka bai manta gaskiya ba.

Ƙaninka,
Yusha'u