Inda Shanun Ardo Suka Kwana

Gummi, daren Laraba, farkon daminar 1988

Yau na je gonar Baba Ige da takardar gwaji. Kwamfutar ofishinmu na Sakkwato ce ta yi rabon. An yanka gonar gida goma sha biyu, ta yi ƙuri'a, wannan a zuba masa takin zamani, wancan a bar shi haka, don a ga ko takin na ƙara gero. Sati biyu na jira takardar nan.

Ina kafa turaku Baba yana biye da ni, ina gaya masa yadda rabon ya faɗa. Sai da na gama ya nuna gabas da sandarsa. "Malam, waɗanga ukun da ba za a sa ma taki ba, nan shanun Ardo sunka kwana rani duka. Injin naku ya sani?"

Na tona da ƙafa. Kashin shanu ne jibge.

Da ya yi shiru, da kaka sai in rubuta cewa takin zamani ba ya ƙara komai, ofis kuma ya yarda.

Gobe zan cire turakun in aika a sake rabo. Ruwa ya sauka, ban sani ba ko Baba zai jira.

Sau huɗu ina auna gonar nan da igiya, ban taɓa tambayarsa komai ba sai iyaka.