Na Ce Masa Na Ga Alheri

Bebeji, daren Laraba, 1955

Yau tuwo ya ƙi wuce mini. Bayan la'asar na zauna da dattawa a ƙofar gidan mai unguwa, ina so su ga amfanin boko ko sa ƙaro mana yara a elementare. Na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta 12 sau 12, ya ba da 144. Na juya lambar ta koma 21, na ninka ta da kanta, sai ga 441, wato amsar farko a juye. Na gwada 13 da 31, suka ba da 169 da 961. Dattawa suka ɗauki salati, ni kuwa kaina sai kumbura yake.

Ashe yadda na share ƙasar nan ina zane da yatsa, sak mai duba. Sai Jauro Buba, wanda 'yarsa ke kwance tun kaka, ya matso ya durƙusa. Sa'an babana ne fa!

"Malam, duba mini, yarinyar nan za ta tashi?"

Maimakon in ce, "Baba, lissafi ne kawai, kai ta ɗakin shan magani," sai na ƙura wa ƙasa ido na ce na ga alheri. Don kawai kada girmana ya zube.

Da na dawo gida na gwada 14 da 41, na sami 196 da 1681. Ko a lambobin ma abin bai ɗore ba. Astagfirullah.

Ɗazu Jauro Buba ya aiko mini da ƙwaryar nono daga ruga. Tana nan bakin ƙofa, na kasa ɗaga faifan.