Kabari Cikin Shingen Tasha

Zuwa ga ɗan farina,

Bayan sallama. Na san takardar ga ba ta iske ka. Malam Sani na Ƙofar Dundaye, mai rubuta mini ita da ajami, ya gaya mini haka. Na ce shi dai rubuta, bakin nawa ne.

Shekarar da fara ta cinye geron bakin Rima, kai ba ka gan ta ba. Ranin da ya gabace ta anka ɗebe ku aikin hanyar jirgi. Ku kunka ɗauki ƙasa a ka, kunka gina 'yar tashar nan ta gaba da Gusau, ɗaki biyu da tankin ruwa. Zawo ya kama ka tun ba a aza rufi ba. Na iso da jakaina an riga an rufe ka gindin wata tsamiya. Nan na rantse da Allah ƙafata ba ta taka tashar ga har in mutu.

Na kuwa riƙe. Fatun awakin da nike kaiwa Kano, jirgi ke ɗaukarsu yanzu. Jaki ɗaya ya rage mini. Mutane na cewa Turawa sunka gina tasha, ni ko sai in hau jera sunayenku, ana dariya. Naka kaɗai nike tsallakewa, don kunyar ɗan fari. Ka taɓa sanin yadda na so in kira shi?

Uwarka ta rasu bara. Ɗiyarka Hajo ta girma, tafiyarka ta ɗauko.

Jiya Ige mai fata ya dawo daga can. Ya ce tasha ta faɗaɗa, an ja shingen waya, tsamiyar ta faɗa ciki. Bana za a sare ta a kafa shagon gyaɗa. Ba wanda ya san akwai mutum a wurin. In ban shiga na nuna musu ba, wa zai nuna? Buhuna su kwanta bisa kanka?

Malam ya ce rantsuwa na da kaffara. Ba ni da abin ciyar da mabuƙata, sai azumi. Ban taɓa janye magana ba, kai shaida ne.

Gobe da asuba zan ɗau niyya, in ɗaura wa jakin akumari. Ko shugaban tasha zai saurari tsoho, Allah masani. In ya ƙi, zan zauna gindin tsamiyar, masu gatari su fara da ni.

Allah Shi haskaka makwancinka.

Mahaifinka, mai jaki ɗaya, Sakkwato.