Takalman Bakin Tabarma

Litinin, 6 ga Mayu

Parzidan Isufu, shugaban ƙungiya, ya aiko, wai ina cikin wakilan ƙauyenmu zuwa babban taron ƙungiyar manoma a Mayahi. Ba don suna so na ba. Don na iya riƙe bik in yi rubutu ne, ni da ban taɓa zaman lakwal, makarantar boko, ba. To, za su ji. Shekara biyu ke nan irin wake na iso mana bayan ruwan shuka ya wuce, saboda mu ne ƙarshen hanyar kamyo, babbar motar da ke kawo shi. Bana in aka sake, na bar wa Baba gonar, na hau motar Agadas. Na faɗa mashi. Bai ɗago daga gyaran ƙotar hauya ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Zafi. Na rubuta jawabina, shafi huɗu. Na karanta wa akuya.

Asabar, 11 ga Mayu

Mun fi mutum ɗari biyu. Babu teburin manya, babu jerin masu magana. Tabarmi kawai a zagaye, Parzidan ma a ƙasa. Wata Madam Zara'u ce ta buɗe taron. Ta ce ba ta zo da komai ba, abin da za a tattauna yana cikinmu. Mai magana ya fito tsakiya ya faɗa, a rubuta a manna a bango, ya zaɓi inuwar itace, masu so su bi shi. Ta ƙara da cewa, “Inda ka zauna ka ga ba ka ƙaruwa, ba ka ƙara kowa, ɗauki takalminka ka yi gaba. Ba raini ba ne.”

An yi dariya. A ƙasar nan wa ke tashi ana magana? Ni dai na ji daɗi, ina jiran in ga an watse wa Parzidan.

Ni na rubuta wa waɗanda ba su iya ba. Wata tsohuwa daga Issawane, Iya Marwa, ta ce, “Ɗana, rubuta mani: wa ke da amalanke?” Na ce, “Iya, nan ba kasuwa ba ce.” Ta ce, “Hannunka na aro, ba bakinka ba.” Na rubuta.

Tawa takardar: SHUGABANNI SUN CUCE MU A KAN IRI. Na zaɓi gindin bedi, itacen dogon yaro.

Mutum kusan hamsin suka biyo ni. Takalma tuli a bakin tabarma. Na fara. Shafi na ɗaya, suna gyaɗa kai. Wani ya buɗe baki, na ce ya bari in gama. A shafi na biyu na ji ana laluben takalmi. Ba su ko kalle ni ba, kamar masu fita masallaci. Kafin shafi na huɗu saura takalmi ƙafa uku: nawa, na Gajere ɗan ƙauyenmu, da na wani dattijo da ke gyangyaɗi.

Gajere ya ce, “Mutumina, ka gama? Ni ma ina da ƙafa fa.”

Munafukai. Ko abinci ban ci ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Da safe na ce zan tafi tasha. Hanyar ta bi ta gindin tsamiya, wurin Iya Marwa. Can takalman jiya suka koma, har da silifas ɗin Gajere mai igiya ja.

Na tsaya ne kawai don in ji shirme. Ashe maganar iri ce. Ita ba ta zagi kowa ba. Tambaya take yi ta zauna. Mai magazan, wato mai kula da rumbun ƙungiya, ya ce iri tun Afrilu yake ajiye, kamyo ake jira, kamyo na jiran esansi, man mota. Wani makiyayi, Shu'aibu, ya ce yana da amalanke biyu da shanun ja, zaune suke. Wani ya ce ɗaya. Wani ya ce jaki. Parzidan na gefe a tsugune, ba wanda ya ba shi magana, shi ma bai nema ba.

Iya ta hango ni. “Mai hannu, zo ka rubuta.” Na cire takalmi.

Amalanke sha huɗu aka samu, su ɗauko irin a madadin kamyo. Na ce a fara da ƙauyukan ƙarshen hanya. Sau ɗaya na faɗa, a hankali. Aka ce to.

Shekara biyu ina jiran in yi faɗa da wani a kan maganar nan.

Talata, 21 ga Mayu

Shiru. Na sani dama. Na tambayi direban Agadas ranar tashi.

Asabar, 25 ga Mayu

Shu'aibu ya iso da hantsi, buhu tara. Baba ya tura hannu cikin iri har gwiwar hannu, ya daɗe bai fitar ba.

Juma'a, 14 ga Yuni

Ruwa shekaranjiya. Mun shuka. Bayan masallaci ƴan ƙauye sun zauna a kan maganar rijiya, suka ce in buɗe, tunda na ga yadda ake yi. Na faɗi batun takalmi, na zauna. Ina da abin faɗa, da yawa ma. Maƙogwarona ne ke ciwo, shi ya sa.

Jawabin nan mai shafi huɗu, Inna ta ƙulla barkono da shi. Ban nema ba.