Askar da ba ta yanke gashi ba

Daren Laraba, Pauwa, kwana shida da haihuwa

Ni dai so nike a hana Sani wanzami taɓa yaron nan gobe. Bari in faɗa ma rikodar da maigidana ya aiko daga Kaduna, tunda ba mai saurare na.

Da la'asar na leƙa zaure, na gan shi yana wasa askar da zai cire ma yaron beli. Ya aje dutsen marigayi babanshi, ya sawo wani ƙarfe a Funtuwa mai maƙale aska a karkace, wai shi ke daidaita mata baki. Ya goga, ya gwada ga gashin hannunshi, gashin ya kwanta kawai. Ya murɗa kusar ya sake, haka dai. Ya ce ma Baba, "Kayan Turawa ba su kuskure." Da wannan za a shiga maƙogwaron jinjiri?

Na faɗa ma Inna, ta ce, "Ke, ɗanki na fari ne fa, ba ki da kunya?" Na faɗa ma Gwaggo, ta ce Allah ke tsarewa. Sai shi yaron, na raɗa mashi a kunne, in an zo gobe kada ya buɗe baki.